Tafiyata Suwidin da Jinin Yaya Sabitu

Tun da na dawo ban shiga ɗakin malamai na fito ba tare da wani ya tare ni ba. "Malama Bilkisu, yaya Turai?" A gidan suna haka, a wajen biki haka. Sai in ce lafiya lau, sai dai sanyi, in wuce. Wata ƙawata da muka yi makarantar kwana tare har ta ce rowar labari nake yi. Ba rowa ba ce. Labarin ne ba irin wanda ake bayarwa a tsaye a bakin ƙofa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, mai so ya karanta, ni kuma in huta da maimaitawa.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bagwai, ta wajen hanyar Kunci, inda gona ke haɗe da gona har ba ka sanin inda wani gari ya ƙare wani ya fara. Aure da aiki suka kai ni Kano. Ina koyar da ilimin halittu, ina kuma cikin wasu likitoci da malamai masu bincike a kan ciwon sikila, wanda a gida muke kira amosanin jini. Ba a littafi na fara sanin ciwon ba. Cikin 'ya'yan Inna mutum biyu aka haifa da shi, yayana Sabitu da ƙanena Nura. Nura bai gama firamare ba Allah ya karɓi abinsa. Yaya Sabitu kuwa, da gwaji ya nuna ciwonsu iri ɗaya ne, ya haura arba'in, yana noman damina yana noman rani, ciwon sai jefi-jefi yake leƙo shi. Amma 'yarsa Nafisa, da ita ma aka haifa da shi, da wuya wata ya mutu ba a kwantar da ita a asibiti ba.

Wata rana na same shi a gonar albasarsa ta bakin dam, ya ajiye fartanya ya ce, "Ke da kika yi boko, gaya mini. Na san kwana na Allah ne. Amma ciwo ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, me ya sa ya kayar da Nura ya ƙyale ni? Me ya sa yake cin Nafisa?"

Na ce masa kowace ƙwaya a jikin mutum, ta ido da ta hanta da ta jini, umarnin gado iri ɗaya take ɗauke da shi, amma ba duka ake aiki da shi ba. Wani a buɗe yake, wani a rufe, kuma abin da aka buɗe shi ke sa ƙwaya ta yi aikin da take yi. Jariri a cikin uwa yana da irin jininsa dabam. Bayan haihuwa da 'yan watanni sai jiki ya rufe wannan ya buɗe na manya, kuma a na manyan aibin sikila yake. Shi ya sa jariri ba ya fara ciwon sai ya ɗan kwana biyu a duniya. To, akwai mutane ƙalilan da nasu na jarirai ba ya rufuwa duka.

Ya dubi magudanar da ke kawo masa ruwa, ya ce, "Wato an rufe ƙofata, amma tana yoyo."

"Haka nake zato, Yaya. Yoyon ne yake rufa maka asiri."

Ya yi dariya har yana dafa gwiwa. "To, ku nemo yadda za a huda ta Nafisa."

Abin da muke nema ke nan, kuma ba mu kaɗai ba. Haɗin gwiwa ne tsakaninmu na Kano da wasu masu bincike a Indiya, inda su ma ciwon yake, da wasu a Suwidin, waɗanda suke da na'urorin da ke nuna abin da ke buɗe da abin da ke rufe a cikin ƙwaya mai rai. Mu aka ɗora wa neman masu sikilar da ciwon ke yi wa sauƙi. Mutanenmu kuwa ba sa son a ɗebi jininsu, balle su ji za a kai shi ƙasar waje. Yaya Sabitu ne ya goya ni a mashin gida-gida, ƙauye-ƙauye. Shi zai fara zare hannun rigarsa ya nuna inda aka soke shi, ya ce, "Ga ni nan ban mutu ba, ban kuma zama Bature ba." Sai a yi dariya, a saurari bayanina, mai yarda ya yarda. Muka tace ƙwayoyin a Kano, muka daskarar da su da ransu. Da aka ce wani ya raka su Suwidin ya koyo aikin na 'yan watanni, sai aka zaɓe ni.

Na je gida sallama a farkon sanyi, an gama yankan dawa, kara a tsaye a kowace gona. Inna ta haɗa mini kuka da daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli da dambun nama, ta ce ta ji Turawa ganye suke ci ɗanye kamar awaki. Yaya Sabitu ya kawo ni tashar Bici a mashin. A hanya muka yi faci, muka zauna a ƙarƙashin wani gawo yana zolayar mai facin, yana ce masa ya yi sauri, likitar Turai ce ya ɗauko. A tasha da na shiga mota ya leƙo ta taga ya ce, "Ki gaida Turawan. Ki ce musu jinin manomi ne, da gumi aka tara shi." Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ranar tafiya aka jera ƙananan kwalaben a cikin wata farar kula, aka cika ta da busasshiyar ƙanƙara, irin wadda ba ta narkewa ta zama ruwa sai dai ta bi iska kamar hayaƙi. An zuba wadda za ta kai ni har ta yi saura. Maigidana ya kai ni filin jirgi. Takardun izini a cike suke, ba wanda ya tsare ni, sai wani jami'i da ya dubi kular ya ce, "Hajiya, fura za a kai wa Turawa?" Suka ce ba za ta shiga tare da ni ba, sai a ƙasan jirgi cikin kaya. Na tsaya ina kallonta tana tafiya a kan bel mai jan kaya har ta shige wani rami.

Ban taɓa wuce Saudiyya ba, amma farkon tafiyar bai ba ni wuya ba. Muka yada zango a wata ƙasa, muka canja jirgi, muka sauka a wani ƙaton filin jirgi a Turai inda zan hau na ƙarshe. A nan aka duba fasfo. Wani saurayi mai kayan sarki ya buɗe jakata ta hannu, ya sunsuna daddawa ya kau da kai ya mayar, ya ɗaga dambun Inna ya tambaye ni mene ne. Na ce nama ne. Ya ba ni haƙuri da ladabi, ya ce nama ba ya shiga, ya jefa shi a kwandon shara a gabana. Na tuna yadda Inna ta wuni tana daka shi. Na ɗauka iyakar asarar da zan yi a tafiyar ke nan.

Muna zaune muna jira sai dusar ƙanƙara ta fara sauka. Da farko har hoto na ɗauka. Kafin wani lokaci ta rufe jirage da motoci, aka sanar an soke duk wani tashi. Na bi tebur-tebur da takarduna a hannu ina cewa a fito mini da kulata, ko a ƙara mata ƙanƙara. Wata ma'aikaciya mai kirki ta buga waya nan da can, daga baya ta ce kayan suna jibge a ɗakin ajiya tare da na dubban mutane, ba mai iya zaƙulo ta yau. Na tambaye ta ko ɗakin da sanyi. Ta ce a'a, ana ɗumama shi saboda ma'aikata. Na dubi waje ta gilashi, duniya ta yi fari fat da ƙanƙara, ni kuma rashinta ne zai kashe ni.

Aka kwashe mu a bas zuwa masauki, aka haɗa ni ɗaki da wata dattijuwa 'yar Somaliya mai suna Hajiya Halima, za ta je ganin jikanta. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, sai ɗan Larabcin Islamiyya da muka yi ta lallaɓawa da shi. Na ce mata jini, na ce ɗan'uwana, na kwatanta akwati da hannu. Ban san abin da ta fahimta ba. Wataƙila ta zaci gawa na ɗauko. Ta dai kama hannuna ta yi ta addu'a, ta fito da dabino, ta dafa mana shayi mai ƙamshi a butar ɗakin. Abincin masaukin burodi ne mai tauri da cuku da wani kifi mai sanyi, muka dube shi muka dubi juna, na kwance ƙuli-ƙulin Inna. Kwana biyu muka yi a haka. Da muka rabu ta rungume ni kamar 'yarta, ko lambar juna ba mu karɓa ba.

A Suwidin wani abokin aiki ɗan Indiya, Anil, shi ya tarye ni, riƙe da wata ƙatuwar rigar sanyi da ya aro mini. Ya ce shi ma da ya zo da 'yar shara ya sauka, har yau kunnensa bai yafe masa ba. Kular ba ta iso tare da ni ba, sai washegari. Kafin nan ya kai ni na gaida shugabar aikin, Farfesa Karin, wata dattijuwa mai gajeren farin gashi da ke zuwa aiki a keke cikin wannan sanyi. Na rusuna kamar yadda aka koya mini, sai ita ma ta sunkuya tana dube-dube a ƙasa, ta zaci wani abu na yar. Ta ce in kira ta Karin kawai, a nan ba mai kiran wani Farfesa. Bakina ya ƙi. Daga baya muka daidaita a kan Malama Karin, bayan na gaya mata ma'anarsa.

Mu uku muka tsaya a kan kular a ɗakin gwaji. Idan ƙanƙarar tana nan, da an ɗaga murfi farin hayaƙi zai taso. Anil ya yanke salatif ya ɗaga. Babu komai. Na sa hannu na ɗauko kwalba ɗaya, abin ciki yana motsi, ya narke. Na ɗauko ta Yaya Sabitu, ita ma haka. Anil ya ɗiga kaɗan a ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyi ya daɗe yana dubawa, sannan ya matsa mini. Ban ga ƙwaya ɗaya mai rai ba.

Malama Karin ba ta ce Allah ya mayar da alheri ba. Na ji haushin hakan a lokacin. Ta ja kujera ta zaunar da ni, ta kawo mini ruwa, sai can ta ce ba duka aka rasa ba. Ko ƙwaya ta mutu ana iya karanta rubutun gadon da ke cikinta. Abin da ba za a iya ba shi ne a raine ta a ga yadda take buɗewa da rufewa, wanda kuma shi ne ainihin abin da na zo yi.

Na kira Yaya Sabitu da yamma, ina jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa. Na gaya masa duka, ina kuka.

Ya ce, "Shi ne kike kuka? Jini ne fa, Bilkisu, ba gado aka raba ba. Kullum jiki yana yin sabo. Ki dawo ki ɗebi wani."

"Yaya, na mutane ma duk ya lalace."

"Mutanen nan ni na kai ki wajensu, ni zan sake kai ki. Ki tsaya ki koyi abin da ya kai ki."

Malama Karin ta kawo shawarar a sa abokan aikinmu na Kano su sake ɗibar jinin Yaya Sabitu nan da nan, ko shi kaɗai ne, a aiko ta hannun masu jigilar irin wannan kaya, domin a cikin duk waɗanda muka tara shi ne ya fi ba su mamaki. Na sake kiransa. Ya ce albasa tana tsakiyar shan ruwa, in ya bar ta ya tafi Kano wuni guda zai dawo ya tarar da wani labari, a bari a cire ta. Ni ma na ga gara in dawo da hannuna ya ƙware in yi abin da kaina. Malama Karin ta ce ba gaggawa. Duk mu ukun muka yarda ba gaggawa.

Sai na zauna zaman koyo. An ba ni ɗaki a wani bene na baƙin masu bincike, kicin ɗaya muke haɗawa. Ranar da na fara yin miyar kuka, da garin semo a madadin dawa, wata yarinya 'yar ƙasar ta shigo ta buɗe firji tana fito da kaya ɗaya-ɗaya, wai wani abu ya ruɓe. Daddawar Inna ce. Na ji kunya, amma da aka gayyace ni cin abinci aka ajiye mini ɗanyen kifi da aka jiƙa a ruwan tsami da sukari, sai na ga kowa da daddawarsa. Anil ne kaɗai ya ci tuwona ya nemi ƙari, har ya ce yajin bai isa ba.

Rana ba ta fitowa sai hantsi, in ma ta fito, kuma kafin ka ce me ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce. Akwai wani tsoho a benenmu da na tare a matakala na tambaye shi kwanan iyali da gajiya da sanyi, ya tsaya yana kallona kamar zan karanta masa sammaci. Amma ba su da wulaƙanci. Kullum da hantsi kowa zai ajiye aiki a taru a sha kofi da burodi mai kirfa, babba da yaro a tebur ɗaya, kuma Malama Karin da kanta take wanke kofinta. Ɗalibi zai ce mata ba ta yi daidai ba a gaban kowa, ta ce ya kawo hujja. Na yi ta tunanin ranar da zan gwada haka a wajen taronmu na Kano.

Ta gayyace ni gidanta wata Lahadi. A bakin ƙofa kowa ya cire takalmi, abin da ya fi komai kama da gida ke nan. Mijinta ne a kicin da tawul a kafaɗa. Bayan abinci ta ce za ta je duba mahaifiyarta a gidan tsofaffi, ko zan raka ta. Wuri ne mai tsabta, tsohuwar tana da ɗakinta da furanninta, amma ita kaɗai. Na ce a raina, mu dai Allah ya rufa mana asiri, namu ba ya tsufa ko ya yi jinya ba dangi a kansa. Har na faɗa wa Anil haka washegari, da ɗan alfahari.

Aikin kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Da ƙwayoyin wasu masu ba da jini na can na koya. Za ka ɗauki ƙwayoyin da ba su zama komai ba tukuna, marasa launi, ka sa su a ruwan abincinsu cikin ɗumi irin na jikin mutum, kullum kana dubawa. Wata safiya na juya kwalbata a na'ura na ɗago ta, sai ga ɗan ɗigo ja a gindinta. Sun fara yin jini a hannuna. Na yi salati da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Daga nan Anil ya koya mini yadda ake kashe abin da ke rufe jinin jarirai. Muka yi, muka jira, muka auna, sai ga jinin jarirai ya dawo a ƙwayar babban mutum. Anil ya ce a ƙauyen kakanninsa akwai gidajen da ciwon ya cinye, shi ya sa duk lokacin da ya ga wannan sakamako ba ya iya cin abinci don murna. Ya ce an riga an fara yi wa mutane magani ta wannan hanya a wasu ƙasashe, amma aiki ne mai wuya da tsada wanda ba zai kai ƙauyensu ko namu ba yanzu. Abin da ake fata, a gano yadda jikin irin su Yaya Sabitu ke yin abin da kansa, ko a samu hanya mai sauƙi.

A ranar na yi wa Malama Karin maganar da ta daɗe tana cina. Na ce da na'urar nan a Kano take, da jinin bai hau jirgi ba. Masu ciwon suna wajenmu, kayan aikin suna wajensu, kullum mu ne masu ɗauko kula. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta ce gaskiya ne, kuma ba ni ce ta fara faɗa ba, na Indiya ma sun faɗa. Muka zauna da ita da Anil muka tsara yadda za a riƙa rainon ƙwayoyin a Kano, sakamako kawai ya riƙa tafiya. Wannan shi ne abu ɗaya da zan ce na samo.

Saura 'yan makonni in dawo, ina ɗakin gwaji da safar hannu, maigidana ya kira. Ba ya kira a irin wannan lokaci. Ya ce in nemi wuri in zauna. Zazzaɓi ne ya kama Yaya Sabitu bayan ya wuni a cikin ruwa da sanyin nan. Yaya ya ce na kwana ɗaya ne, ya hana a gaya mini. Sai ya sauka a ƙirji. Kafin a kai shi asibiti a samu jinin da za a ƙara masa, numfashi ya gagara. Da asuba ya cika.

Ban san yadda na fito baranda ba. Malama Karin ta biyo ni, na gaya mata, ta ce yaushe ne jana'iza, a nemo mini jirgi yau. Su a can gawa takan yi makonni kafin a binne. Na ce mata an riga an kai shi. Ta ce, "Ba tare da ke ba?" Ba da mugunta ta faɗa ba, mamaki ne. Na tuna abin da na ce a kan mahaifiyarta, na kasa ɗaga kai.

A gida da yanzu tsakar gida ta cika, tabarmi har waje, wannan na shiga wannan na fita, ba za a bar ka ka ji motsin zuciyarka ba. A can furanni aka ajiye mini a ƙofar ɗaki, kowa ya ba ni wuri, wai kada a dame ni. Anil ne ya gane. Ya zo da matarsa da tukunyar shinkafa, suka zauna a ƙasa tare da ni har yamma, ba mu yi wata magana mai yawa ba.

Kafin in taso sakamakon karatun rubutun gadonsa ya fito. Malama Karin ta kira ni ofis ta nuna mini. An ga wasu abubuwa da aka riga aka sani suna sassauta ciwon, amma ba su isa su bayyana irin sauƙin da ya samu ba. Akwai wani abu kuma a jikinsa. Sai da ƙwaya mai rai za a gan shi. Ta ce, "Da na matsa a lokacin." Na ce ni ma da na matsa.

Dawowa ba abin da ya faru. Ba ƙanƙara, ba jinkiri, jirgi ya sauka a kan lokaci, kayana suka fito da wuri. Har haushin sauƙin tafiyar na ji. Washegari na hau motar Bici, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Maƙwabta sun yi gayya sun cire albasar, na gan ta a shanye a ƙofar gida. Matar Yaya, Hadiza, tana takaba. Nafisa ta rame, ta zo ta zauna a jikina ba ta tambaye ni tsaraba ba. Inna kuwa an ce tun ranar ba ta taka ƙofar gida ba, magana ma sai ta kama.

Bayan na huta na ga wajibi ne in koma gidajen da suka ba da jini, in gaya musu da bakina abin da ya faru, in kuma roƙi su sake bayarwa, yanzu da za a yi aikin a Kano. Na fara da wani ƙauye kusa da mu, ni kaɗai. Gidan farko maigidan ya yi mini ta'aziyya, ya saurare ni, ya ce zai yi shawara. A gida na biyu wata mata, wadda ƙaninta ya ba da jini wancan karon, ta ce, "Malama, ba mu ƙi ki ba. Amma mu Sabitu muka sani. Shi ya kawo ki, shi ya ce mu yarda. Ga shi an ɗebi nasa, an kai, bai ga komai ba." Ban yi musu da ita ba. Na yi godiya na fito, ban iya shiga gida na uku ba.

Na dawo na zauna a ɗakin Inna na ba ta labari, ba don ina neman wani abu ba, don dai ba ni da wanda zan faɗa wa. Tana jan carbi ba ta dube ni ba. Da ta kai ƙarshe ta ce, "In an sake ɗiba, Nafisa za ta warke?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Wataƙila ba a zamaninta ba. Wataƙila na bayanta."

Ta koma jan carbinta. Washegari da hantsi ina shirin komawa Kano sai na gan ta a tsakar gida da mayafi da takalmi, tana neman sandarta. Na ce ina za ta. Ta ce in ɗauko jakata.

Muka bi ta cikin gonaki a ƙafa, tana tafiya tana hutawa. Da muka isa ƙofar gidan matar jiya, na matsa zan yi sallama, sai ta tare ni da sanda ta yi da kanta. Daga ciki aka ce wace ce.

Inna ta ce, "Ku ce uwar Sabitu ce."